Saƙar da Na Rataya a Katangar Kudu

Kun girma kuna jin ana cewa ni na jawo babanku gida ranar da gardin Nasara suka kama shi. Na san kun ji, ko da yake ba wanda ya taɓa iya duban idona ya tambaye ni. Ke Hadiza kin taɓa dawowa daga rijiya da leɓe a fashe, kika ce mini faɗuwa kika yi, alhali na san wadda kika yi dambe da ita, na kuma san abin da ta faɗa. Na yi shiru a wancan lokaci saboda wadda maganar za ta taɓa tana da rai. Yanzu kakarku Inna ta tafi, Baba Soja ya tafi, babanku ya bi su, saura ni da wannan gwiwa da ba ta barina in tashi sai da dabara. To ina faɗa ana rubutawa, don kada in mutu ku gaji rabin labari.

Gidanmu na Matameye gidan marina ne tun kakanni. Kakanku ya rasu kafin a kawo ni, ya bar karofi a bayan gari, da Inna, da 'ya'ya maza biyu. Babban shi ne Baba Soja, wanda Nasara suka ɗauka suka kai ƙasarsu ya yi musu yaƙi da Jamus. Ƙaramin shi ne babanku, Inna tana ce masa Auta. Ban daɗe da tarewa ba aka sauke mana Baba Soja daga kan jaki a ƙofar gida, ƙafarsa ta hagu ba ta wuce gwiwa ba, hannunsa yana rawa. In taɓarya ta faɗi a tsakar gida sai ka ga ya dafe kai ya duƙa. A jakarsa ba mu sami kome ba sai wani tsohon bargo da tsinke biyu na ƙarfe, dogaye, masu santsi. Ya ce wata tsohuwar Banasariya ce a gidan likita take koya wa waɗanda aka yanke wa ƙafa saƙa da su, kuma a duk Nasara ita kaɗai ce ban taɓa jin ya tsine wa ba. In ya riƙe tsinken nan rawar hannunsa takan tsaya. Masaƙan unguwa har zuwa suke yi su tsuguna a zaure suna kallon mutum yana fitar da tufa ba masaƙa ba ƙoshiya.

Ni nake kaɗa masa abawa, don zare mai kauri yake so, a nan kuwa idona ya shiga abin. Da ya ga na iya ta zare ɗaya, sai ya ce saura babbar, wadda ake yi da fari da baƙi tare. Kowane ɗan zagayen zare da ke kan tsinke ido yake ce masa.

"Kowane farin ido yana da ɗan'uwansa baƙi a bayansa, Zulai," in ji shi. "Ki kai zaren duka biyu baya, ki saƙa farin. Ki dawo da su duka biyu gaba, ki saƙa baƙin. Tare suke tafiya, tare suke dawowa. In kika bar ɗaya, zai gitta miki a fuskar saƙa, sai kin warware."

"Yaya, in na kai baki fa?"

"Ki murɗa su da juna, in ba haka ba gefe zai buɗe miki kamar jaka."

Na warware har na gaji, na yi kuka, na jefar da tsinken, na koma na ɗauka. Daga ƙarshe na fitar da dogon abu na naɗawa a wuya, wanda muka sa wa suna rawanin wuya. Gefe ɗaya fari fat da 'yan baƙaƙen gidaje irin na dara a bakinsa, in ka juya kuma baƙi wuluk da fararen gidaje a daidai wurin. Babanku ne ya rina mini baƙin da hannunsa, ya yi ta tsoma shi a baba har shuɗin ya koma baƙi. Inna ta karɓa ta juya nan, ta juya can, tana neman baibai ba ta samu ba. Ta ce ita tun da take ba ta taɓa ganin tufa marar baya ba, ta miƙo mini abina tana taɓe baki.

Bayan kaka labari ya zo cewa kumandan, babban Banasaren da ke mulki a Damagaram, ya aiko wa sarki a Kance yana son ƙarin maza don yaƙi. Inna ta ce ba ruwan gidanta.

"Na ba su ɗaya sun dawo mini da rabi," ta ce. "Me kuma za su nema a wurina?"

Sai ga shi an ambaci sunan babanku a ƙofar mai gari. Baba Soja bai tsaya wata shawara ba. Ya kwance ƙyallen da yake naɗe dungulmin ƙafarsa, ya nuna wa ƙanensa, ya ce masa ya duba da kyau, sannan ya bi hanyar Ɗan Barto ya ƙetare zuwa ƙasar da ke hannun Ingilishi, inda namu Nasaran ba su da iko. Babanku ya tafi, ina da cikin Hadiza bai ko fara motsi ba.

Ku da kuka tashi bayan abin ya lafa ba za ku san irin tsoron shekarar nan ba. Gardi, wato 'yan sandan Nasara masu jar hula, ba sa sallama. Sai dai ki ji takalmi a zaure, ki ɗaga kai ki ga mutum tsaye a kanki yana leƙa rumbu da bakin bindiga. Ko jan zakara ne ya gitta ta wutsiyar idona sai gabana ya faɗi. In na ji kofaton doki a hanya, hannuna yakan sandare a kan tsinke, in kasa tuna ko fari zan ɗauka ko baƙi. Mun ga an zaunar da tsofaffi a rana a ƙofar mai gari don 'ya'yansu sun gudu, mun ga an ja wani saurayi daga cikin karan dawa da igiya a wuya. Kowa ya daina yarda da kowa, domin gidan da aka ɗauki ɗansu ba ya son ganin gidan da nasu ya tsira. Har gaisuwa a rijiya ta koma gajeruwa.

Babanku kuwa ba mai iya zaman wata ƙasa ba ne. Ranar kasuwa yakan shigo cikin masu jakai da ke hawowa daga kudu, ya ja amawali ya rufe baki, ya zo ya ga uwarsa, ya ci tuwo, ya tambayi yadda karofi yake, kafin la'asar ya bi ayari ya koma. Mun roƙe shi ya daina, ya ƙi. Shi ne Baba Soja ya kawo dabara irin ta wanda ya zauna cikin rami yana jiran harsashi. Katangarmu ta kudu ana hango ta daga gindin tsamiyar da ke bakin hanya. Ya ce duk ranar kasuwa in rataya rawanin wuyan a kanta: in farin ne a waje, babanku ya shigo, in baƙin ne, ya juya ko ruwa kada ya tsaya sha. Mu uku kaɗai muka sani. Na ce a gaya wa Inna, babanku ya hana.

"Inna ba ta iya ƙarya ba," ya ce. "In gardi ya haɗa ta da Allah, ko bakinta bai faɗa ba idonta zai kai shi katangar."

Gaskiya ya faɗa, haka take. Kuma ba mu ga abin damuwa ba, tun da duk ranar kasuwa Inna tana can rumfarta tana sayar da zare, ba ta dawowa sai rana ta yi sanyi. Dabarar ta yi mana aiki har cikin bazara. Na rataya baƙi ya koma, na rataya fari ya shigo, har na fara jin kamar mun fi Nasara wayo.

Ranar da abin ya faru, da hantsi gardi biyu suka shigo. Ba su zo da dawaki ba, sun bar su a gidan mai gari, a nan na gane cewa wani ya tsegunta musu. Suka zauna a zaure, suka sa Baba Soja a tsakiyarsu, babban cikinsu ya ɗauke sandar da yake dogarawa ya jingine ta a bayansa. Suna ta yi masa hirar bariki suna dariya, shi kuwa yana amsawa da murya kamar ba tasa ba. Suka ce yau ba mai fita daga gidan nan, har Inna da ta riga ta ɗora tallarta a kai suka sa ta sauke. Na sulale na ɗauko rawanin wuyan kamar mai shanya wanki, na rataya shi, baƙin a waje. Na duba, na sake dubawa, na shafa shi da hannu. Sai babban gardin ya ƙwala mini kira, ya ce fura suke so, sabuwar daka, kada a kawo musu ta jiya. Na koma bayan ɗaki inda turmi yake, da ƙaton cikina, na kama surfe. Ina daka ina addu'a, amma a zuciyata ina cewa ai baƙi na rataya, zai gani, zai juya.

Akwai abin da duk wanda ya tashi a gidan marina ya sani tun yana rarrafe. Rinannen tufa in ya bushe ba a barin fuskarsa a tsakar rana, don rana tana cin shuni, ya koɗe. Ko a kai shi inuwa ko a kifa shi. Inna ta yi rayuwarta duka tana juya tufafin mutane, hannunta yana yi ba sai ta yi tunani ba. Ga shi an hana ta kasuwa, tana ta zagaye tsakar gida ba ta san inda za ta sa kanta ba. Rana ta take, ina tankaɗe, sai ta zo ta tsaya a kaina, ta yi magana ƙasa-ƙasa don kada gardi su ji tana yi mini faɗa.

"Ke yarinya, wa ya koya miki barin shuni a rana? Auta ya sha wahalar rina zaren nan. Na kifa miki shi tun ɗazu."

Ban san lokacin da faifan ya suɓuce daga hannuna ba. Na ruga, ban ko tuna da cikin da ke jikina ba. Ga shi can a kan katanga, fari fat, yana ɗaukar ido, wanda ko daga bayan tsamiya sai an hango shi. Na fizgo shi. Yana hannuna ke nan na ji sallama a ƙofar zaure, da muryar da ko cikin mutum dubu zan gane ta, muryar mutumin da ya saki jiki zai shiga gidan ubansa. Na ji Baba Soja ya yi ihu, "Gudu!" Na ji ƙarar mari, na ji kokawa, sai kuma shiru.

Da na fito sun riga sun ɗaure masa hannu ta baya, amawalin ya zame, ƙura a gemunsa. Baba Soja yana ƙasa yana jan jiki da hannu, bakinsa yana jini. Inna ta riƙe rigar babanku tana kiran Auta, Auta, gardi yana ɓamɓare yatsunta. Mutanen kasuwa sun cika hanya. Baba Soja ya ɗago ya ga abin da ke hannuna.

"Ba shi, Zulai," ya ce. "Can ƙasar Nasara sanyi ke kashe mutum kafin harsashi."

Na matsa na naɗa masa a wuya, tun da ba shi da hannun karɓa. Ya dube ni, irin kallon da bai taɓa yi mini ba, ya ce a hankali:

"Fari na gani, Zulai."

Amsar tana bakina. Amma Inna tana nan a gefena, kafaɗarta tana gugar tawa. Suka ja shi suka bi hanyar Damagaram da shi.

Wani mai jaki da suka zo tare ya ba da labari a kasuwa cewa babanku ya tsaya gindin tsamiya, ya hangi gida, ya ce matarsa ta yi masa alamar ya shigo. Bai san ko wace alama ba ce, amma abin da ya sani ya ishi gari. Kafin magariba an ce gardi sun yi mini alkawari, an ce na gaji da zaman jira, an ce abin da ba zan maimaita muku ba. Bayan kwana biyu maganar ta shigo har gida ta sami Inna. Ta kira ni gaban Baba Soja, idonta ya kumbura, muryarta ta dushe.

"Wace alama ce ake cewa kin yi wa ɗana?"

Na dubi Baba Soja. Na riga na gaya masa yadda aka yi. Ya sunkuyar da kai ya girgiza shi kaɗan. Na dubi Inna, tsohuwar da ta kwana biyu ba ta sa kome a bakinta ba, wadda ɗa ɗaya ya dawo mata da sanda, ɗayan kuma aka tafi da shi da igiya. Na san in ta ji cewa hannunta ne ya kira shi, ba za ta kai damina ba.

"Mun yi da shi in akwai gardi zan ba shi alama ya koma," na ce. "Daka ta ɗauke mini hankali, Inna. Mantawa na yi."

Kada ku ɗauka ni waliyyiya ce. Na yi nadamar wannan magana ba sau ɗaya ba. Inna ta daina cin abin da na dafa, ta kafa murhunta daban a ƙofar ɗakinta. Da na haifi Hadiza ta zo ta yi wa jaririya wanka, don jininta ce, amma ko sannu ba ta ce mini ba. A rijiya mata sukan janye tulunansu in na iso. Akwai ranakun da gaskiyar takan hau mini har maƙogwaro, musamman in Inna ta wuce ni tana tsaki, sai in shige ɗaki in ɗauki tsinke in yi ta saƙa har yatsuna su yi ciwo. Kuma tsoro bai bar ni ba, sai ma ya ƙaru. Ina tsoron a aiko cewa babanku ya mutu. Ina tsoron ya mutu da wancan kallon a zuciyarsa, yana zaton ni na sayar da shi. Ina tsoron ranar da Inna za ta zauna ta haɗa katanga da rawani da rana, ta gane da kanta. In na ga ta tsaya tana duban katangar kudu, sai in ƙirƙiro wata magana in janye ta daga wurin.

Hadiza tana gudu tana surutu babanku ya dawo. Allah ya bar masa ƙafafunsa biyu, amma ya zo da tarin da kuka san shi da shi har ya rasu. Rawanin wuyan yana wuyansa. Ruwan ƙasar Nasara da gumi sun sa shunin ya zuba cikin farin, gefe biyun duk sun koma toka-toka, ba ka iya cewa ga fari ga baƙi. Ya gaisa da kowa, ya ɗauki 'yarsa, ni kuwa bai dube ni ba. Sai da mutane suka watse ya shigo ɗaki ya tsaya a bakin ƙofa, bai zauna ba.

"Fari na gani," ya ce, kamar jiya muka rabu.

Na gaya masa duka, da furar, da ranar, da abin da Inna ta ce mini a bakin turmi. Ya zauna a bakin gado ya rufe fuska da rawanin, kafaɗunsa suna rawa. Da ya ɗago sai ya ce:

"Ta sani?"

"Ba ta sani ba."

"Shekarun nan duka ke kika ɗauka?"

Na ce ni na ɗauka. Ya ce gobe zai tara gari ya wanke ni. Na ce in ya wanke ni da me zai rufe uwarsa? Bai sake tayar da maganar ba. Abin da ya yi shi ne, washegari ya sa aka shimfiɗa tabarma a ƙofar gida, ya ce in kawo masa tuwo da hannuna, ya ci a gaban duk mai wucewa. Wasu suka ce mai haƙuri ne, wasu suka ce na shanye shi. Inna ta karɓi rawanin ta wanke, ta shanya shi a inuwar rumbu, tana faɗan yadda aka lalata shuni mai kyau.

Ta yi shekaru bayan nan, har ta goyi yawancinku. A hankali ta koma cin tuwona, ko da yake ba mu taɓa komawa kamar da ba. Da ciwon ajali ya kama ta, ni nake juya ta, ni nake ba ta kunu a baki. Wata safiya ta ce a fitar da yara, ta kamo hannuna da nata hannun da shuni ya zauna a farcensa har abada. Gabana ya faɗi irin faɗuwar ranar gardi, na ce shi ke nan, ta gane.

"Zulai," ta ce, "na riƙe ki a zuciya da daɗewa. Yarinya ce ke, ga ciki, ga gardi a kanki. Kowa yana mantuwa. Na yafe miki duniya da lahira."

Na duƙa na sa goshina a kan hannunta. Babanku yana tsaye a bakin ƙofa, na ji ya juya ya fita da sauri.

Na ce, "Na gode, Inna."